Sillen Kara Sittin da Uku

Akwai ranaku da yawa da suka ɓace mini, har da waɗanda ya kamata in riƙe, kamar ranar da na karɓi takardar digirina. Amma wata Alhamis ta lokacin kaka, a tsakar gidan mahaifina a Bakura, ba na jin za ta bar raina muddin ina numfashi. In za a auna, ba wani babban abu ne ya faru ba. Yarinya ce 'yar shekara shida ta kwance wani ɗan ƙullin kara, ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa da littafi a hannu, na kasa motsi.

A shekarar ne aka rufe makarantu a jiharmu saboda matsalar tsaro, kuma babu wanda ya san ranar buɗewa. Muna zaune a Talata Mafara, ni da maigidana da 'ya'yanmu mata biyu. Babbar ta gama aji ɗaya na firamare ke nan, ƙaramar ba ta isa shiga ba. Ba zan faɗi sunan babbar ba, don 'yar fari ce, ko a gida ma da "ke" nake kiranta. Kafin a sallami yara, shugabar makarantarsu ta tara mu iyaye ta ce duk ranar da Allah ya sa aka dawo za a gwada su, wanda ya kasa tarawa da ɗebewa zai sake aji ɗaya. Sauran mata suka watse suna hirarsu. Ni kuwa na dawo gida ina ta juya maganar nan a raina.

Ya kamata in faɗi dalili, ko da yake ban saba faɗa ba. Tun ina firamare nake tsoron lissafi. Malaminmu yakan tsaya a bakin aji da bulala kowace safiya, sai ka ba da amsa ka shiga. Na haddace komai kamar waƙa, ban fahimci ko ɗaya ba. Da na zo shiga jami'a a Sakkwato, gaskiyar magana ita ce na bi jerin fannoni ina neman wanda babu lissafi a cikinsa, har na dace da ilimin kula da ɗakin karatu. Mutane suna cewa ai son littattafai ne ya kai ni, ni kuma ban taɓa gyara musu ba. A zuciyata dai na san kalmar da na girma da ita, wato "ni kaina ba na lissafi ba ne." Babban abin da nake tsoro a duniya a lokacin, bayan tsaron lafiyarmu, shi ne in wayi gari in ji wannan kalmar a bakin 'yata.

Saboda haka na ɗaura niyyar koya mata a gida, kuma na ce ba zan yi shi da ka ba. Na tambayi maigidana ko da littafin da ya sani. Ya yi dariya ya ce, "Ke da kinka karanta zaɓen littafi shekara huɗu, ni mi zan hwaɗa miki?"

Na fara da waya. Na samu wata manhaja ta yara mai tsuntsu yana tsalle in an ba da amsa daidai, yarinyar kuma ta so ta. Kwana huɗu ko biyar muka yi, sai aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya, tsuntsu ya tsaya cik. Daga nan na koma kan takarda. Na ba wani direba saƙo ya sayo mini wani babban littafi daga Sakkwato, bugun ƙasar waje, mai kauri da launuka, wanda na taɓa gani a hannun wata ƙawata. A shagon littattafai na cikin gari na samu wani siriri, bugun gida, babu hoto sosai, sai tambayoyi jere. Maƙwabciyarmu, wata malamar firamare da ta taso daga Maradun ta zauna a gidan yayanta, ta ba ni aron babbar takarda ta liƙawa a bango mai jadawalin sau. Ta ce, "Ki sa ta tana rerawa safe da yamma. Mu haka munka koya, ga mu nan."

Sai na ɗauko littafin rubutu na ja layuka, na rubuta sunan kowanne, na ba shi maki: sauƙin harshe, yawan misalai, kyan bugu, dacewa da manhajar makaranta. Har yanzu littafin yana nan, in na buɗe shi sai kunya ta kama ni. Na auna kowane abu a cikinsa, amma babu layi ɗaya da na ware wa yarinyar da za ta yi karatun.

Babban littafin ne ya ci maki mafi yawa, da shi muka fara. Matsalar da ban hango ba ita ce hotunan. Shafi na farko wasu mutum-mutumi ne na ƙanƙara sanye da huluna, aka ce a ƙirga su. Rabin awa muka yi ina bayanin yadda ƙanƙara take zuba daga sama a wasu ƙasashe, ita kuma tana tambayar ko ba sa jin sanyi, ko suna da uwa. Muka tashi ba mu ƙirga komai ba. Washegari wasu 'ya'yan itace ne da ni kaina ban taɓa ci ba. Da na ga lokaci yana tafiya, sai na koma siririn, muka shiga tambayoyi kai tsaye.

A nan na yi kuskuren da ya fi damuna. Yarinyar tana da wani gwangwanin madara cike da ƙwallayen tsamiya da take wasa da su. In na ba ta lissafi, kamar tara a ƙara huɗu, sai ta zube su a tabarma ta ƙirga. Ni kuwa na tuna a ɗakin jarrabawa ba za a bar ta da su ba, kuma, in zan faɗi gaskiya, na ga kamar abin bai dace da 'yar mai digiri ba. Na karɓe gwangwanin na ɗora a kan durowa. Na ce, "Da kai ake yi. Kin girma." Ba ta yi kuka ba, ta dai bi gwangwanin da ido.

Mun lallaɓa har muka zo inda ake ɗebewa da aro, irin talatin da biyu a cire bakwai. Na nuna mata yadda aka koya mini: biyu ba za ta ba da bakwai ba, sai a aro ɗaya daga maƙwabciyarta, a rubuta a gefe, ta zama sha biyu. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Mama, wanga ɗayan da kinka ce in aro, don mi yak koma goma?"

Ina jin na san amsar a wani lungu na kaina, amma ba ta zo ba. Na ce, "Haka ake yi."

"To in na aro, yaushe zan mai da mata?"

"Ba a mayarwa. Rubuta kawai."

Ta rubuta. Wani lokaci ta dace, wani lokaci ta sa ɗayan a inda ba wurinsa ba, ni kuma muryata ta fara hawa ba da sanina ba. Ban taɓa dukanta ba, wannan kam zan iya rantsewa. Amma daga baya na gane cewa yaro yana jin huci a fuskar uwa ko ba ta ɗaga hannu ba.

Ba a jima ba ta fara ciwon ciki. Kowace safiya bayan ta sha koko, da na shimfiɗa tabarmar karatu, sai ta dafe ciki. Na kai ta asibiti, aka duba, aka ce ba a ga komai ba. Na daina ba ta ƙosai, na canza ruwan sha, na yi ta zargin kaina da rashin tsafta. Maigidana ne ya ce da ni wata rana yana sa takalmi zai fita, "Kin lura ciwon ga bai san Juma'a ba?" Ranar Juma'a ba ma karatu. Na ce masa wataƙila dacewa ce kawai. Bai ja ba, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya fita.

Bayan kwana biyu na ji abin da nake gudu. Na sa mata tambayoyi biyar, ta ɓata huɗu. Ta ajiye fensir a hankali ta ce, "Mama, ki ƙyale ni. Ni kaina ba na lissafi ba ne."

Ban san inda ta samo ta ba. A iya tunanina ban taɓa furta kalmar a gabanta ba, amma ba zan iya cewa tabbas ba. Na naɗe tabarmar na shiga ɗaki. Wata biyu na yi ina zaɓe da aunawa don in kare ta daga abu ɗaya, ga shi na kai ta wurinsa da hannuna.

A makon ne Inna, mahaifiyata, ta aiko direban motar Bakura da saƙon baki, tunda babu waya, cewa an yanke dawa za a fara kwasowa, in kawo mata jikokinta ta gan su. Maigidana ya bincika lafiyar hanya, ya ce mu je mu kwana biyu. Ya ƙara da cewa, "Ki bar littattafan nan su huta." Na ce to. Da na zo haɗa kaya, sai na cusa siririn a ƙarƙashin zannuwa. Na gaya wa kaina ko shafi ɗaya ne a rana, kada ta manta.

Ranar Alhamis da hantsi amalanken farko ya tsaya a ƙofar gida. Yayana ne yake shigo da dammunan dawa a kafaɗa yana jerawa kusa da rumbu. Ni kuma na zaunar da yarinyar a ɗakin Inna, na buɗe mata shafi. Tana riƙe da fensir amma kunnenta yana waje. Sai muka ji muryar Baba daga tsakar gida, yana yi mata irin wasan nan na kaka da jika.

"Ina amaryata? Tun jiya ko ruwa ba ta kawo man ba. Ko an sake ni ban sani ba?"

Ta dube ni. Na leƙa na ce, "Baba, karatu take yi."

"Karatun mi, ga dawa na shigowa? Turo man ita, aiki ya yi man yawa."

Inna tana tankaɗe a gefe, ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Mu a zamaninmu ɗiyar fari ko kallonta ba a yi gaban mutane. Ke kin tasa ta gaba awa mai gadin fursuna. Sake ta."

Ba a musu da Baba, don haka na sake ta. Ta fita da gudu, babu alamar ciwon ciki. Ni kuma na tsaya a bakin ƙofa da littafin, ina lissafin rabin yinin da zai tafi a banza.

Tun ina ƙarama nake ganin yadda Baba yake ƙirga amfanin gona, amma ban taɓa tsayawa na duba ba. Yana zaune a kan buzu, gabansa tulin sillen kara da ya yayyanka kamar tsawon taƙi, da siraran kaba a gefe. Duk damin da ya shigo, sai a ajiye sille ɗaya. In sille ya cika goma, sai a ɗaure su da kaba su zama ƙulli guda, shi kuma damin na goma ba ya zuwa wajen rumbu, jikin bango ake jingine shi, na zakka ne. Ya nuna wa yarinyar sau ɗaya, ya tura mata tulin. "Dami guda, kara guda. In kinka ɓata man ƙirga, na auro wata."

Ta ce, "Wa za ta aure ka, tsoho, ba ka da haƙora?"

"Ke ma naki biyu sun zube, mun yi daidai."

Suna cikin haka aka yi sallama a zaure. Wani tsohon abokin Baba ne daga Faru ya biyo. Baba ya tashi ya fita, muna jiyo su: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya mutanen Faru, ya aka ji da damina, ya mai jiki, ina labarin wane, Allah shi kyauta. In an kai ƙarshe sai a sake ɗaukowa daga farko. Yayana bai tsaya ba, yana ta shigo da dawa, yarinyar kuma tana ta ajiye kara. Da ya cika goma ta kasa ɗaurewa, ta kai wa Inna ta ƙulla mata. Sai na ji ta ɗaga murya tana kwaikwayon kakanta, "Goma, Kawu. A fidda na Allah." Yayana ya yi dariya har ya kusa sakin damin, ya jingine shi a bango.

Da Baba ya dawo ya ce, "Amarya, ina munka tsaya?"

Ta duba gabanta. "Ƙulli biyu da huɗu."

"Nawa ke nan?"

"Ashirin da huɗu."

Ko numfashi ba ta ja ba. Na duba littafin da ke hannuna. Babin gomomi da ɗaiɗai, wanda muka yi mako guda a kansa tana hamma, shi ne ta gama yanzu a zaune cikin ƙaiƙayi.

Amalanke ya yi ta sawu har bayan azahar. Da aka sauke na ƙarshe, ƙulli shida ne a gabanta da sille uku a warwatse, ta faɗa da kanta, sittin da uku. A jikin bango dami shida. Baba ya dubi ukun da suka rage ya ce wa yayana, "Waɗanga ukun ma da haƙƙi cikinsu, ni kau ban iya tsaga dami. Ƙara guda cikin na zakka. Gara in ba da ƙari da in ci na wani." Suka zama bakwai. Sannan ya juya wajenta yana ɓare goro. "To amarya, sittin da uku, mun fidda bakwai. Nawa za su rumbu? Kawunki na son shi san ko rumbu guda ya isa."

Wannan ita ce irin tambayar da ta gagare mu a Mafara, ta biyo mu har nan babu takarda. Ta ɗauke sille ukun nan ta ajiye gefe, ɗaya, biyu, uku, sai hannunta ya tsaya. Na ga fuskar da na sani ta dawo. Na ga hannunta na hagu ya tafi wajen cikinta. Ban san lokacin da na taka ba, na ce, "Ki aro ɗa..."

Inna ta kama bakin zanena ta ja. A hankali ta ce, "Yi shiru."

Na yi shiru. Ban san tsawon lokacin ba, wataƙila bai kai minti ɗaya ba, amma na ji kamar an tsai da rana. Baba ko kallonta ba ya yi, goronsa yake ci.

"Tsoho," in ji ta, "ba su isa ba."

"Mi na bai isa ba? Ga kara tuli gabanki."

"Waɗannan a ɗaure suke."

"Wa yaɗ ɗaure su?"

"Ni da Inna."

"To."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ta dubi ƙullin, ta dube shi, ta ce, "In kwance guda?" Ya ɗaga kafaɗa, ya ce kayanta ne. Ta sa haƙoran da suka rage mata ta ja kabar, sille goma suka baje a ƙasa. Ta ci gaba daga inda ta tsaya, huɗu, biyar, shida, bakwai. Ta ƙirga abin da ya saura a warwatse, ta taɓa ƙullin ɗaya bayan ɗaya.

"Hamsin da shidda."

Baba ya ce wa yayana ya ƙirga yana zubawa a rumbu, a gani ko za a yi saki yau. Ni dai ban jira ba, don na riga na yi nawa a bayan littafin, da aro da komai, na san daidai ne. Abin da ya tsaya mini shi ne abin da ta yi bayan nan. Ta ɗauki kabar da ta kwance, ta zo inda nake, ta ce, "Mama, ashe ɗayan nan ƙulli na. Shi ya sa goma ke cikinshi. Kuma ba aro ba ne, nawa ne."

Na ce, "Haka ne." Na shiga ɗakin Inna kamar zan ɗauko wani abu, na zauna a bakin gado, hawaye suka zubo. Ba don ita kaɗai ba. Na haura shekara talatin a lokacin, na yi wannan aron sau dubbai a takarda, amma ban taɓa ganin abin da yake nufi da idona ba sai ranar. Daga waje na jiyo yayana yana cewa hamsin da shida cif, Baba kuma yana cewa to aure ya tsira.

Da la'asar na samu Baba shi kaɗai, na durƙusa na ce, "Baba, wannan dabarar koyarwa a ina ka same ta?"

Ya dube ni kamar na yi wani yare. "Wace koyarwa? Mantuwa gare ni. In na tsaya gaisuwa, ƙirga ya tahi. Babana ma haka shika yi." Da na ba shi labarin littattafan da ciwon cikin, sai ya ce shi bai san boko ba, kada in yar da littafi a kan maganarsa. Ya ce kawai in zan tafi in ɗebi sille, akwai su da yawa, awaki ma ba sa ci.

Mun dawo Mafara da kara cike da leda. Abu na farko da na yi shi ne sauko da gwangwanin tsamiya daga kan durowa na miƙa mata. Ta buɗe ta duba ko ƙwallayen suna nan. Babban littafin na ba ƙanwarta tana kallon hotuna. Jadawalin bango na mayar wa maƙwabciyata da godiya, na ce sai nan gaba. Siririn nan da na ba maki mafi ƙanƙanta shi ne ya zauna, don tambayoyi kawai nake bukata daga gare shi. Kowace tambaya sai mu fara yin ta a tabarma da kara, a ɗaure ko a kwance, sannan ta rubuta abin da hannunta ya yi.

Ba zan ce komai ya tafi sumul ba. Akwai ranakun da ta ƙi, akwai ranakun da ni na gaji na ɗaga murya, na dawo na ba ta haƙuri. Maƙwabciyata ta leƙo wata rana ta gan mu, ta ce, "Ranar jarrabawa da buhun kara za ta shiga?" Maganar ta kama ni, don ni ma ita nake juyawa a raina. Na kusa sake karɓewa. Abin da ya hana ni shi ne na lura ciwon cikin bai dawo ba. Na ce bari in ƙara mako ɗaya in gani, sannan wani makon. A hankali ta fara barin karan a leda tana zana 'yan layuka a gefen takarda tana kewaye su. Ni ban ce ta yi ba, ban kuma hana ba.

Da aka buɗe makarantu aka yi gwajin. Ranar da na je karɓar sakamako, malamarsu ta miƙo mini takardar tana cewa yarinyar tana da ƙoƙari, sai dai in yi mata faɗa ta daina ɓata gefen takarda da zane. Na duba, ga 'yan ƙulle-ƙulle nan jere, wasu an ja musu layi alamar an kwance. Cikin tambaya goma ta ci takwas. An wuce da ita zuwa aji biyu.

A hanyar gida, halina bai bar ni ba, sai da na nuna mata ɗaya daga cikin biyun da ta ɓata. Ina nunawa ina kallon hannunta na hagu. Ta karɓi takardar ta duba, sai ta yi dariya ta ce, "Kai, na kwance ƙulli na manta ban rage shi ba." Ta miƙo mini, ta ruga ta tarar da ƙawarta. Hannun bai je ko kusa da cikinta ba. Na tsaya a gefen hanya ina ta hamdala, har wani mai babur ya tsaya yana tambaya ko tafiya zan yi.

Yanzu tana aji biyar. Ba ita ce ta ɗaya a lissafi ba, kuma rabawa ta ba mu wuya sosai a bara, sai da muka koma kan tsamiya. Amma in ta ɓata, cewa take yi bari in sake dubawa. Ƙanwarta da karan nan ta fara, an sake musu kaba ban san sau nawa ba. Baba yana nan, kowace kaka sai ya aiko a turo masa amarya, wai ba ya yarda da ƙirgan kowa.

Wani lokaci mata sukan tambaye ni wane littafin lissafi za su saya wa yara, tunda sun san abin da na karanta. Nakan yi jinkirin amsawa, don ban san ko abin da ya yi wa 'yata zai yi wa kowane yaro ba, kuma ba na so a ce na raina littafi, alhali da shi nake cin abinci. Abin da nakan ce shi ne su sayi wanda suka samu mai sauƙi, amma kafin su buɗe shi su duba abin da yaron ya riga yake ƙirgawa da shi, kada su karɓe. Abin da ranar nan ta koya mini ke nan. Yaro yana bukatar ya taɓa goma da hannunsa, ya ɗaure ta, ya kwance ta, kafin a nuna masa ita a takarda. Kuma in ya tsaya yana tunani, ba lallai ne ya kasa ba. Ni kam har yau in bakina ya buɗe zan ba da amsa, sai in ji kamar Inna ta ja bakin zanena, in rufe shi in jira.